Zoben Soso Ne Kaɗai Ya Ruɓe

A gidaje da yawa na tsofaffin ma'aikata, in ka shiga falo za ka ga akwatuna biyu na katako, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. An shimfiɗa musu ƙyalle mai ado, an ɗora hoton aure ko furen roba a kai. Jikoki suna tsammani tebur ne. Alhali kuwa lasifika ce, ta yi shekara da shekaru ba ta ce uffan ba. In ka tambayi masu gida sai su ce, "Ai ta mutu tuntuni." Amma yawancinsu ba su mutu ba. Wani ɗan abu ne ya ruɓe a ciki, wanda nauyinsa bai kai na wasiƙa ba. Muna da irin akwatunan nan a gidanmu, mun kuwa ga gyaransu da idonmu. Shi ya sa mu ke so mu ba ku labari tun wani bai kai nasa wurin 'yan gwangwan ba.

Mu shida ne wurin iyayenmu. Babanmu malamin makaranta ne. A shekara ta 1975 gwamnati ta biya ma'aikata ƙarin albashin nan da a ke kira Udoji, har da na watannin baya a dunƙule. Waɗanda suka ga zamanin sun san yadda aka yi. Wani ya sayi babur, wani firiji, kantuna kuma suka cika da kayan kiɗa na Japan. Baba bai je kanti ba. Akwai wani Ba'amurke da ke koyarwa a kwalejin da ke kusa da mu, lokacin komawarsa gida ya yi, ya sa kayansa a kasuwa. A wurinsa Baba ya sayi garmaho mai lantarki, da injin ƙara sauti, da ɗan taransifoma, gama wutar Amurka ba irin tamu ba ce, sa'an nan da akwatuna biyu. Tsawon kowane ya fi ƙafa biyu kaɗan, nauyinsa kuwa sai ƙato. Mama ta yi mita kwana uku, domin ita keken ɗinki ta ke so. Daga baya ita ce ta fi kowa son su. Ranar Asabar a sa Shata ko Ɗan Maraya Jos, da Kirsimati kuwa fayafayan Jim Reeves ne tun da asuba, maƙwabta na leƙowa ta taga.

Bari mu faɗa muku abin da ke cikin akwati. In ka cire allon ƙyallen da ke gaba za ka ga baki biyu. Ƙaramin na sama shi ke fitar da kaifin sauti, irin ƙarar tsirkiyar kuntigi ko kukan sarewa. Babban na ƙasa, wanda yaran yanzu su ke kira wufa, shi ke da ganga da tambari da muryar ƙato. Kunnen yaro mai lafiya yana jin motsin iska daga wajen sau 20 a sakan ɗaya har zuwa sau 20,000. Wufa ce ke ɗauke da na ƙasa-ƙasa, daga wajen sau 40 zuwa 1,000 da 'yan kai. Aikinta ya fi wuya, gama kafin ta ba da kauri sai ta tura iska mai yawa, tana fitowa tana komawa ba hutawa.

Gininta ba shi da wuyar ganewa. Akwai takarda mai kauri wadda aka yi wa siffar malfa. A ƙoƙon malfar an liƙa naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, wanda masu gyara su ke kira koyil. Koyil ɗin yana rataye cikin wani ƙunƙuntaccen rami na maganaɗisu. Sa'ad da wuta ta bi ta cikin wayar, sai maganaɗisu ya tura shi ko ya ja shi, malfa ta motsa, iska ta motsa, kunne ya ji. Waɗansu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Rice da Kellogg, su ne suka bayyana wannan ƙira a 1925, har wa yau kuwa a kanta a ke tafiya. Abu biyu ne ke riƙe da malfa don kada ta karkace. A ƙasa akwai wani ƙyalle mai ninki-ninki, a baki kuma akwai zobe mai taushi wanda ya haɗa gefen takarda da firam ɗin ƙarfe. Ratar da ke tsakanin koyil da ƙarfen maganaɗisu ba ta fi kaurin takarda biyu ko uku ba. Saboda haka in zoben bakin ya saki, koyil zai fara goga.

To, a zamanin da a ke ƙera irin namu, kamfanoni da yawa da soso su ke yin zoben, dangin wanda a ke yin katifa da shi, sai dai ya fi laushi da ƙananan ido. Sun zaɓe shi domin ba shi da nauyi, yana kuma barin malfa ta yi doguwar tafiya. Amma soso ba ya daɗewa. Laima da zafi suna cin sa a hankali, ko ana kunna lasifika ko ba a kunnawa. Bayan shekara 10 zuwa 20 sai ya yi danƙo, ko kuwa ya riƙa marmashewa in an taɓa. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon matashin kujera ya ga gari-gari na zuba ya san abin da mu ke nufi. A ƙasarmu kuwa, ga damina ga bazara, ba a cewa komai.

Namu sun fara ne wajen ƙarshen shekarun 1990. In ganga ta buga sai ka ji fur-fur, kamar tuta cikin iska. Baba mutum ne mai tattali. Da ya ji haka sai ya kashe inji, ya zare wayoyi, ya ce a bar su sai an sami wanda ya iya. Wannan shi ya cece su, gama da an ci gaba da kiɗa a haka, da koyil ya goge har fentin wayar ya kware, ya ƙone. Baba ya rasu a 2009 ba a sami wanda ya iya ba.

Abin da ya tā da maganar shi ne wani kaset. A bikin auren babbar yayarmu a 1983 Baba ya yi wa ango da amarya gargaɗi na kamar minti goma, wani ya ɗauka da rakoda. Shi ke nan abin da ya rage mana na muryarsa. Ɗaya daga cikin jikoki ya kwafe shi ya zuba a waya, ya kai wa Mama da murna. Ta kasa kunne har ƙarshe, sa'an nan ta miƙa masa wayarsa, ta ce, "Na gode, maigidana. Kalmominsa ne, amma ba shi ba ne. Kakanka daga ƙirji ya ke magana." Yaron ya ji ba daɗi, amma gaskiya ta faɗa. Gindin muryar namiji yana wajen sau 100 zuwa 150 a sakan, ɗan bakin da ke jikin waya kuwa ba ya iya kaiwa can ƙasa. Yakan ba ka saman murya, ya bar gindinta. Mama ta haura shekara 85, kunnenta ya daina jin siririn sauti sosai. Kaurin nan shi ne ya rage mata, shi ne kuwa waya ba ta da shi.

Sai muka ɗauki akwati ɗaya muka kai kasuwa. Saurayin da muka fara samu ya cire allon gaba, ya duba, ya yi dariya. Ya ce wa babban wanmu, "Baba, wannan ai ta gama aiki. Ga sababbi nan, wat 1,000, har da fitila mai juyawa. In cire muku tsofaffin in sa waɗannan. Tsofaffin kuma ku bar mini, in rage muku kuɗi." Ba mu ce yaron macuci ba ne, abin da ya saba ke nan, masu zuwa wurinsa ƙara su ke nema. Amma mun lura da yadda ya ke shafa maganaɗisun tsohuwar.

A gida aka yi gardama. Autanmu ya ce sabo sabo ne, a sa a huta, wa zai tsaya lallaɓa takardar da ta girme shi? Yaya ta ce ita dai ba ta yarda a raba akwatin Baba da kayan cikinsa ba, ko da ya ke ba ta iya kawo dalili ba. Dalilin sai a bakin wani dattijo muka ji shi, wanda ya fi shekara 40 yana gyaran rediyo, yanzu kuwa a zauren gidansa ya ke aiki. Bai yi gaggawa ba. Ya kwance wufa, ya ɗora wayoyin mitarsa a kanta, allura ta tsaya wajen om 5. Ya ce, "Koyil na da rai." Lasifikar da aka rubuta mata om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7 a mita, in ta ƙone kuwa allura ba ta motsi sam. Ya ɗauko batir ɗin tocila mai bolt 1.5 ya taɓa, malfa ta yi tsalle. Ya duba takarda, ba yaga, ba cin gara. Sa'an nan ya ce, "Malam, zoben soso ne kaɗai ya ruɓe. Wufar nan da akwatin nan tare aka auna su, kamar ƙafa da takalmi. In kun sa wata za ta yi ƙara, amma ba za ta yi daɗi ba."

Maganarsa tana da tarihi a bayanta. Kafin 1954, wanda ke son jin kaurin sauti sosai sai ya ajiye akwati kamar kabad a ɗakinsa. A shekarar nan wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur, tare da ɗalibinsa Henry Kloss, suka kafa kamfanin Acoustic Research a garin Cambridge na jihar Massachusetts. Dabarar Villchur ita ce, a sassauta abin da ke riƙe da malfa ya yi laushi ƙwarai, sa'an nan a rufe akwati ruf, ba kafar da iska za ta fita. In malfa ta koma ciki sai ta matse iskar da ke kulle, iskar ta turo ta waje. Watau iska ce ta zama sifirin. Da haka ƙaramin akwati ya ba da kaurin da dā sai babba. Kloss ya fita ya kafa KLH a 1957, daga baya kuma Advent, wanda lasifikarsa ta 1969 ta shiga gidaje da yawa a Amurka. Waɗansu kamfanoni suka bi sawu, namu akwatunan ma irin wannan gini ne.

Kun ga ke nan abin da ya sa ba kowace wufa ce za ta zauna a ciki ba. Ta asalin tana da malfa mai nauyi da riƙo mai laushi. In ka fitar da ita fili, motsin da jikinta ya fi so yana wajen sau 20 a sakan, akwati ne ke ɗaga shi zuwa 40 da 'yan kai. Wufar kasuwa, wadda aka yi domin mota ko domin 'yan kiɗan biki, riƙonta yana da tauri tun asali. Ka ƙara mata taurin iskar akwati, sai can ƙasan ya ɓace, a bar ka da bum-bum a wuri ɗaya, kowace ganga ta zama iri ɗaya. Ban da haka, a cikin akwati akwai 'yan kayan da ke raba sauti tsakanin babban baki da ƙarami, an kuwa auna su ne bisa ga wufar asali. Yawancin na mota om 4 ne, suna iya sa tsohon inji ya yi zafi. Lissafin dacewar wufa da akwati ilmi ne mai zaman kansa, wanda Neville Thiele na Ostireliya ya rubuta a 1961, Richard Small kuma ya faɗaɗa a farkon shekarun 1970. Wat 1,000 ɗin da a ke bugawa a kwali ba ya cikin lissafin nan ko kaɗan.

Samun zoben ne ya ɗauki lokaci. Dattijon ya hana mu saya da ka. Ya ce inci nawa aka ce wufa ta ke ba ya isa, sai an auna faɗin takardar kanta, da faɗin firam, a kuma duba ko gefen takarda a kwance ya ke ko a karkace. Akwai wata ƙirar Advent, alal misali, wadda malfarta ta inci 10 ce amma firam ɗin na inci 12 ne. Jikan nan mai waya shi ya yi odar zobba biyu ta intanet, tare da gam ɗinsu. Akwai na roba, wanda ya fi soso daɗewa nesa ba kusa ba, autanmu ma shi ya so. Amma roba ta fi nauyi da tauri, takan sāke muryar lasifikar da aka yi domin soso. Tun da ya ke murya mu ke nema, soso muka saya.

Ranar aiki biyu daga cikinmu suka zauna a zauren tun safe. Kafin ya zare wayoyi sai da ya ɗaura zare a kan wadda ke zuwa ƙafar da ke da jan ɗigo. Ya ce in aka juya wayoyin akwati ɗaya, malfa ɗaya za ta riƙa fita sa'ad da ɗayar ke komawa, su cinye kaurin juna. Cikin akwatin cike ya ke da wani abu kamar auduga mai ruwan ɗorawa. Audugar gilas ce, tana sa ƙaiƙayi, ba a son a shaƙe ta, sai ya kori yara, ya rufe ramin da kwali. Ba a zubar da ita, tana cikin awon akwati.

Rabin yini ya tafi a kankara kawai. Ya kankare tsohon soso da gam daga firam da guntun reza, ya goge da sifirit har ƙarfe ya fito fes. A gefen takarda kuwa ya ajiye reza, da ɗan yatsa ya riƙa murzawa a hankali, gama takarda mai shekara 50 ba ta son wasa. Sa'an nan ya yanka hular da ke tsakiyar malfa, ya bar ɗan gefe kamar murfin gwangwani, ramin koyil ya bayyana. Ya yanka siraran kati guda huɗu ya zura su kewaye, tsakanin koyil da ƙarfen tsakiya. Su ne za su riƙe koyil daidai a tsakiya har gam ya bushe. Waɗansu masu gyara ba su yanka hula, sukan sa wa wufa sauti mai kauri ta riƙa rawa a hankali, su daidaita zobe da kunne. Shi dai ya ce ido ya fi kunne a shekarunsa.

Ya fara liƙa cikin zobe a gefen takarda, ya bi da yatsa yana dannawa har ya kama. Bayan awa ɗaya ya liƙa wajen zoben a firam. Gam ɗin fari ne, mai jinkirin bushewa, yana kuma zama da taushi bayan ya bushe. Gam ɗin nan mai kamawa nan take ba ya yi, domin ba ya ba ka zarafin gyara kuskure, yana kuma ƙandarar da soso. Aka bar su suka kwana. Kashegari ya zare katin, ya buɗe yatsunsa kewaye da tsakiya ya danna malfa a hankali. Ta shiga ta fito shiru, ba ƙaras-ƙaras. Ya mayar da hula ya liƙe. Ya canja kafasita a kowane akwati da sabuwa mai lamba ɗaya da tsohuwar, gama su ma sukan bushe. Da zai ɗaura wufa sai da ya sa sabon abin toshiya ƙarƙashin firam. Ya sāke danna malfa, ya saki. Maimakon ta yi tsalle, sai ta dawo sannu-sannu. Ya ce, "Alama ke nan ba inda iska ke fita." Duka biyun ya yi, ko da ya ke ɗaya ta fi lalacewa, don kada muryoyinsu su bambanta.

Muka kawo su gida ran Jumma'a da yamma. Ba mu sa kaset ɗin kansa ba, mun ma ajiye shi nesa, gama maganaɗisun wufa yana iya share abin da ke kan kaset. Jikan ya haɗa wayarsa da injin ƙara sauti, ya rage ƙara, ya kunna. Aka ji hayaniyar biki, aka ji wani ya buga tebur, sa'an nan Baba ya yi gyaran murya. Mama tana kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta ajiye tire. Ba wanda ya yi magana har minti goman nan suka ƙare. Autanmu ya tashi ya fita tsakar gida, ya daɗe bai dawo ba. Mama ta ce wa yaron, "Maigidana, mai da shi farko."

Kada mai karatu ya ɗauka kowace wufa haka ta ke da sauƙi. In koyil ya ƙone, ko ɓera ya ci takarda, sai an canja malfa da koyil da ƙyallen ƙasa gaba ɗaya, a bar firam da maganaɗisu. Aiki ne na gwani, a kuma nemi kayan da aka yi domin wannan ƙira. Masu naɗa koyil da hannu suna nan a manyan kasuwanninmu, waɗansunsu sun ƙware, amma a roƙe su su ƙirga naɗin tsohon su kuma yi da waya mai kauri ɗaya. In maganaɗisu ya goce ya danne koyil, malfa ta ƙi motsi sam, sau da yawa gara a nemi tsohuwar wufa irinta daga wani akwatin da ya lalace. Sai duk wannan ya gagara za a sayi sabuwa, a nan ma a nemi mai om ɗaya da ta dā, wadda aka yi domin rufaffen akwati, a kuma adana tsohuwar. In zoben naku na ƙyalle ne mai ninki, ba soso ba, kada ku bari a yage shi. Irin wannan ba ya ruɓewa haka, iyaka a sāke shafa masa abin da ke toshe idanunsa.

Namu yanzu mun ɗaga su daga siminti, mun ɗora a kan katako saboda laimar damina, mun kuma kawar da su daga taga inda rana ke bugawa. An hana ɗora tulun fure mai ruwa a kai. Sabon soson ma zai ruɓe wata rana, dattijon bai ɓoye mana ba. Kafin ya ɗaura wufa ta biyu ya karɓi fensir, ya rubuta a bangon akwati daga ciki: watan da aka yi gyara da shekara, faɗin takarda, faɗin firam, da lambar kafasita. Ragowar gam ɗin da katin nan huɗu suna cikin gwangwanin alewa a kabad ɗin Mama, tare da kaset.